Kafin ka karɓi makullin gidan haya a Yamai

Watan Maris ne, zafi ya fara kankama, yayana da ke kasuwanci a Abijan ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Gida ne sabo fil a wata unguwa ta bayan garin Yamai: ɗaki uku da falo, an shimfiɗa karo tun daga ƙofar shiga har ban ɗaki, fenti ruwan madara, ga ƙofar ƙarfe mai shigar mota. Mai ɗaukar hoton yana tafe yana buɗe famfo, yana kunna fanka, yana cewa har ɗan haya an riga an samu, Alhaji dai ya biya ya karɓi makulli, ƙarshen wata kuɗi su fara shigowa. Bayan bidiyon sai ga muryar yaya: "Ƙanena, don Allah je ka gano mini. In ya yi maka, ya yi mini."

Irin wannan ciniki ya yawaita a Yamai. A allunan talla za ka ga an rubuta clé en main, ma'ana an gama komai, kai dai miƙo kuɗi a miƙo maka makulli. Kuma ban ga laifin mai sha'awarsa ba. Duk wanda ya taɓa aiko da kuɗin gini daga Abijan ko Lome ko Makka ya san yadda buhun siminti ɗari ke zama saba'in kafin ya kai ga magini, ya san ginin da aka ce wata shida ya ci shekara uku. Mutumin da ya sha wannan wuya in aka nuna masa gida a tsaye, da rufi da wuta da ruwa, dole ransa ya biya.

A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta. Kamfani ya sayi tsohon gida a birane irin su Memphis ko Cleveland inda gidaje ke da sauƙi, ya gyara, ya sa ɗan haya, ya sayar wa mutumin da ke zaune Kaliforniya wanda bai taɓa taka unguwar ba, sannan ya ci gaba da karɓar masa haya yana cire ladarsa. Sai dai can mai saye yana iya zama gaban kwamfuta ya buɗe taswirar ambaliya ta hukuma, a wurare da yawa har ya ga nawa aka sayar da gidan maƙwabci. Mu nan da ƙafa ake binciken, da baki, da zama wurin mai shayi.

Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, a cinikin karɓi-makulli wani ne ya riga ya zaɓar maka wuri, kuma da aljihunsa ya auna. Kuɗin siminti da ƙarfe da karo kusan ɗaya ne ko ina cikin gari. Mai gini don sayarwa ba ya da inda zai rage kashewa sosai sai a fili. Saboda haka yakan nemi inda fili ke da araha, ya zuba ado a kansa. To, araha a Yamai ba ta zuwa banza. Ko dai wurin ya yi nisa, ko takardarsa na da magana, ko kuma, wanda ya fi yawa, ruwa ya san wurin.

Na je gidan da hantsi. Aikin ba laifi, gaskiya, an kashe masa kuɗi. Da na fito sai na tsaya ina kallon layin. Gidan da ke kallonsa tsohon gini ne, kuma an ɗaga dokin ƙofarsa da siminti har mataki biyu, sai ka hau sannan ka gangara cikin tsakar gida. A gindin katangarsa akwai buhunan yashi da rana ta cinye, sun fashe sun zube. Daga ƙasa zuwa wajen gwiwa bangon ya yi fari-fari kamar an watsa masa kanwa, shafen yana ɓarewa. Yashin layin kuwa mai laushi ne, a kwance sumul, irin wanda ake gani a cikin ƙorama. Na zauna wurin wani dattijo mai shayi a bakin kwana, na sha kofi ɗaya, na tambaye shi yadda damina take yi musu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, saye za ka yi ko haya?" Na ce saye, amma na wani ne. Ya ce, "To ka faɗa masa nan hanyar ruwa ce. In Agusta ta yi, mota sai ta kwana biyu ba ta shigo ba. Mu da kwano muke kwashe shi daga ɗaki." Sai a lokacin na lura an ciko filin sabon gidan da jar ƙasa, an ɗaga shi sama da na maƙwabta. Ruwa ba zai shiga ɗakinsa ba watakila, amma zai kewaye shi, ya ci gindin katanga, ya cika ramin masai.

Ruwan Yamai iri uku ne, kuma kowane da inda yake cin mutane. Na farko na kogin Isa ne. Kogin sau biyu yake cika. Akwai cikar da ke zuwa wajen Disamba zuwa Janairu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi ta yawo cikin Mali kafin ya iso. Wannan da sannu take zuwa. Mai haɗarin ita ce ta Agusta da Satumba, jan ruwa, wanda rafukan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa da shi daga wajen Burkina. A ma'aunin Yamai in ruwa ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A farkon Satumba 2020 ya kai wajen mita 7, shingen da ke kare Lamorde ya fashe, ruwa ya mamaye unguwannin hayin kogi, Saga ma ba ta tsira ba. Kafin nan an ga ta 2010 da ta 2012, wadda bayanta aka kai waɗanda ruwa ya ci gidajensu unguwar Seno. Dalilin a fili yake: babban garin yana bisa tudu, yawancin Harobanda kuwa, wato hayin kogi, a kan fadamar kogi take. Ga kuma yashin da ƙoramu ke zubawa cikin kogin kowace shekara yana cike masa ciki, ruwa kaɗan ya isa ya tumbatsa.

Na biyu shi ne wanda ya fi yaudarar baƙo, don mutum sai ya ce ai ni na yi nisa da kogi. Ruwan sama ne da ke gangarowa daga tudu yana neman tsohuwar hanyarsa. Gari ya faɗaɗa da sauri, ƙidayar 2012 ta riga ta sami mutum sama da miliyan 1 a Yamai, an yanka gonaki an mai da su filaye, amma kanibo, wato magudanar ruwa, bai bi su ba. Inda dā ƙasa ke shanye ruwa yanzu rufin kwano ne da daɓen siminti, duk abin da ya sauka sai ya taru a layi. A daminar 2024 har manyan hanyoyin shiga birnin ruwa ya yanke na ɗan lokaci. Na uku kuma daga ƙasa yake tasowa. A wasu unguwannin da ke gefen kwarin Gunti Yena ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau, akwai gidajen da tsakar gidansu ba ta bushewa ko da rani. Wannan ba a ganinsa a bidiyo ko kaɗan, sabon fenti yana rufe shi tsawon shekara guda, sannan bango ya fara kumbura.

Ba ina cewa a guji hayin kogi gaba ɗaya ba. Can jami'ar Abdou Moumouni take, can cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da ruwa da yanayi take, da babban asibitin Lamorde, kuma ɗalibai da malamai da ma'aikatan jinya ba su rabuwa da neman ɗaki. Akwai tuddai a wajen, akwai kwari. A unguwa ɗaya, layi biyu a tsakani, wani yana barci wani yana kwasar ruwa. Shi ya sa sunan unguwa kaɗai ba ya isar mai saye. Dillali zai ce maka Bobiyel ce, ko Kubiya, ko Yamai 2000, kamar sunan ya gama magana. Wane layi? Ina ruwansa yake fita? In da hali a ga gidan a Agusta, washegarin babban ruwa. Kuma akwai haƙƙi a nan wanda ya wuce lissafin riba: wanda zai kwana cikin gidan da matarsa da ƴaƴansa ɗan haya ne, kai kana Abijan. In ka san ruwa na shiga ka karɓi kuɗinsa ka yi shiru, wannan nauyi ne a wuyanka.

Bayan ruwa sai tambayar da ya kamata a fara da ita tun kafin a kalli gini: wa zai zauna ciki, kuma daga ina kuɗinsa ke fitowa? Shekaru da dama amsar manyan masu kuɗi ɗaya ce. A sayi billa a Filato ko Kwara Kano ko wajen Yantala, a ba Turawa, ko ƴan proje, ko wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, su biya shekara guda gaba ɗaya, su sa mai gadi, su gyara kilim da kansu. Lokacin taron Tarayyar Afirka na Yuli 2019, da aka sabunta filin jirgin Diori Hamani aka gina sabbin otal-otal, kowa ya ɗauka wannan kasuwa ba ta da ranar ci baya. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Aka sa takunkumi, sojojin Faransa suka gama fita a Disamba na shekarar, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon 2024, na Amurka ma sojojinsu suka tattara a 2024, ayyuka da dama na Turai suka tsaya. Ba hukunci nake yanke wa siyasar ba, kowa da ra'ayinsa a kanta. Abin da na gani da idona shi ne manyan gidaje a rufe, allon haya a rataye har rana ta kashe rubutunsa. Mai gidan da ya saba da kuɗin ƙungiya bai iya sauko da farashi, ɗan ƙasa kuma ba ya da abin hawa can.

A wannan lokacin gidan da bai rasa mutum ba shi ne wanda ake rainawa: tsakar gida ɗaya, ɗaki da falo shida ko takwas a jere, abin da ake kira selibateriyom. Malamin makaranta, ɗan sanda, tela, mai shago a Katako, saurayin da ya yi sabon aure. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, tun farkon 2024. Daga nan kaɗai mutum zai gane inda yawan masu neman haya suke. Bari mu yi lissafin misali. A ce billa ta ci miliyan 45, ana ba da ita jikka 250 a wata. A shekara miliyan 3 ke nan, sai shekara 15 uwar kuɗi ta dawo, in ba ta taɓa zama ba kowa. In ɗan haya ya tashi ta yi wata huɗu a rufe, shekarar ta koma miliyan 2, kafin a cire fenti da gyaran famfo da ladar dillali da harajin gida. A ce kuma gidan ɗaki da falo shida ya ci miliyan 30, kowane jikka 35. A wata jikka 210, a shekara ya haura miliyan biyu da rabi kaɗan. Mutum ɗaya ya tashi, jikka 35 ka rasa, sauran biyar na nan, kuma a unguwa mai rai ɗakin ba ya daɗewa a rufe. Sai dai wannan gida yana da nasa ciwon kai, kar a ɓoye: rigimar kuɗin wuta in kontar ɗaya ce, kwashe masai, wanda ya yi wata biyu bai biya ba ga shi da iyali kana jin kunyar korarsa. Masu sayar da karɓi-makulli ba su cika gina irinsa ba, don billa ta fi kyau a hoto.

Ɗan haya kuma ba kuɗin ɗaki kaɗai yake lissafawa ba. Yana haɗawa da abin da zai kashe kowace safiya kafin ya kai wurin aiki, da na kai yara makaranta. Ɗakin da ya fi sauƙi da jikka goma amma sai an hau kabu-kabu an fito gudiro, sannan a jira faba-faba ko taksi, a ƙarshen wata ya fi tsada. Shi ya sa hanya take canza darajar wuri fiye da duk wani ado. Daga 1970 har zuwa 2011 gadar Kennedy kaɗai ke haɗa gaɓa biyu na garin, safe da yamma cunkoso. Gada ta biyu da Sin ta gina ta zo a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, kuma kowace ta jawo wani yanki na hayi kusa da gari. Haka babban asibitin Référence da aka buɗe a 2016 wajen Cangare ya ja likitoci da masu jinya da ƴan kasuwa zuwa arewacin birnin. Amma a bambance hanyar da ake takawa yau da wadda dillali ke nunawa da yatsa yana cewa nan gudiro zai biyo. Wannan cinikin biri a sama ne. Na san layin da aka yi wa wannan alkawari tun ina saurayi.

Famfon da aka buɗe a bidiyo shi ma a tambayi da wane lokaci aka buɗe shi. Ruwan garin daga kogi ake tace shi, wajen Gudel da Yantala, kuma unguwannin da suka yi nisa ko suka hau tudu su ne ke fara jin raguwarsa a Afrilu da Mayu, wani wurin sai tsakar dare yake zuwa. Alamar ba ta da wuya: ƙirga kurar ƴan garuwa da ke yawo a layin da safe. In sun yi yawa, ka sa kuɗin tanki ko foraj cikin lissafi. Wuta kuwa kowa ya tuna Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mafi yawan wutar ƙasar, har sai da aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024. Tashar Gorou Banda da ta hasken rana da ke kusa da ita sun taimaka, duk da haka gidan da ke da iska da inuwa, wanda ake iya kwana a tsakar gidansa, ya fi riƙe ɗan haya a kan akwatin siminti da ba ya zaunuwa sai da kilim.

Sai takarda. A nan ne na ga manyan mutane sun yi kuka. Takardar shaidar gona ta gargajiya daban, takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa bayan yankan filaye daban, titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta rajistar ƙasa, kuma daban, shi ne mai ƙarfin da banki ke karɓa. Akwai ma sauƙaƙƙen titir da ake kira Sheda, wanda aka fito da shi don mutane su samu su yi wa gidajensu rajista. A bayan gari ba baƙon abu ba ne fili ɗaya ya fito da takardu biyu, ko magadan mai gona su taso bayan shekaru su ce ba a sallame su ba, ko a tarar an yi gini a filin da aka ware wa makaranta ko hanya. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa tun shekarun 1960 don ya kewaye birnin, shi ma an daɗe ana ja-in-ja a kan filayen da aka yanka cikinsa. Kyan gini ba ya wanke takarda. A ɗauki lambar fili a je ofishin da ke riƙe da rajistar ƙasa a duba sunan wa ke kai, a sa mai awo ya tabbatar iyakar da ke ƙasa ita ce ta takarda, a yi cinikin gaban noter. Kuɗin da za a kashe a nan kaɗan ne in aka kwatanta da abin da ake karewa. Ɗan hayan da aka ce an riga an samu ma, a nemi ganin yarjejeniyarsa da rasit na watannin baya, a gaisa da shi ido da ido.

Mu mutanen Adar akwai wata tambaya da ba ta barinmu: don me ba za a saya a Tawa ba, gida, inda ido yake? Tawa ta samu hanyoyi da fitilu lokacin bikin Tawa Sakola na Disamba 2017, tana da jami'a, ga ma'aikatan da ake turowa aiki. Fili ya fi sauƙi, kuma ba ta da kogin da zai fasa shinge. Amma kasuwar hayarta ƙarama ce. Masu iya biyan babbar haya ba su da yawa, in an canza wa ɗan hayarka wurin aiki kana iya jiran wani tsawon watanni. Kuma gidan da ke tsakiyar dangi yana da wuya ya zauna gidan haya. Ɗan ƙanwa zai yi aure, gwaggo ta rasa wurin zama, kai kuma ba ka iya cewa a'a, bai ma kamata ka ce ba. In don zumunci ne da wurin sauka ranar komawa gida, Tawa ta fi. In don kuɗin wata ne, Yamai ta fi yawan masu ƙwanƙwasa ƙofa, muddin kana da amintaccen da zai riƙa leƙawa, wanda ba shi ne ya sayar maka ba.

Na kira yaya da daddare na faɗa masa abin da na gani, da maganar dattijon. Ya yi shiru, ya ce, "Amma gidan ya yi kyau fa." Na ce ya yi, Yaya, ka dai haƙura zuwa damina. Mai sayarwa ya yi ta kiransa yana cewa wani Alhaji na nan da kuɗi a hannu. A Agusta ya zo ganin gida, muka ɗauki mota washegarin wani ruwa da aka kwana ana yi. Nesa da layin muka ajiye ta, muka naɗe wando. Ruwan ya janye, ya bar taɓo da leda a jikin sabuwar ƙofar, kusurwar katanga ta gabas ta tsage daga ƙasa, maƙwabta sun baza katifu a rana. Dattijon mai shayi ya ɗora teburinsa a kan bulo huɗu, ya gane ni, ya ɗaga mini hannu.

Daga baya yaya ya sayi wani tsohon gida mai ɗaki da falo biyar, a layi na biyu daga gudiro, tafiyar ƙafa zuwa kasuwa da makarantar boko. Ba karo, fentin ya koɗe, sai da muka sauya kwanon ɗaki biyu muka raba wa kowa kontarsa. Duba takardun ya ci mana kusan wata uku, mai gidan har ya fara gajiya da mu. Huɗu daga cikin mutanen da muka tarar a ciki suna nan har yau. Ɗaki na biyar da ya tashi, kwana tara ya yi a rufe, wata malamar asibiti ta kama shi.